Kai Saratu Ɗaukar Hoton Baya

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na yi a harabar coci wata Lahadi, shekaru da dama da suka wuce. Masu kamfanin waya sun zo neman wurin kafa turke a ƙauyenmu da ke bayan Nok, na tashi na ce iskar da ke fita daga ƙarfen nan tana shanye jini, tana ƙona ƙwaƙwalwa. A bakin wani mai sayen citta a Kachia na ji, ban tambayi kowa ba. Firamare kawai na gama, amma da yake ni nake karanta wa mutane wasiƙa, aka yarda. Aka kai turken wani gari.

Wadda ta fi kowa yarda da ni ita ce matata Saratu. Wayar da 'yarmu Rifkatu ta saya mata, a rumbu take ajiye ta, naɗe cikin tsumma. Da ƙafafunta suka fara mutuwa, likita a Kafanchan ya rubuta mana takarda mu je Abuja a ɗauki hoton bayanta a na'urar da suke kira MRI. Tana jin an ce da iskar rediyo take aiki, ta ninke takardar ta sa cikin Littafi Mai Tsarki. Takardar ta yi shekara guda da wata huɗu a can. Ni kuwa na daɗe da gane ban faɗi daidai ba, har waya nake yawo da ita a aljihu, amma girman kai ya hana ni buɗe baki.

Talata: Gida zuwa Kagarko

Mun fito ƙarfe biyar da rabi na asuba, bayan addu'a. Saratu ta yarda da tafiyar ne don ganin jikoki a gidan Rifkatu a Bwari, ta kuma gaya mini tun a ƙofar gida cewa kada in sa rai za ta shiga wani ƙarfe. Mashin biyu suka kai mu Kwoi, nata a hankali saboda ramuka. Ƙarfe bakwai saura kwata motar ta cika, direba ya ba ta gaba, ya ce uwa ba ta zama kan buhun citta.

Kafin Kagarko muka tarar da shingen sojoji. Ɗaya ya leƙo da rediyon oba-oba a kafaɗa tana ta ƙara, Saratu ta ja mayafi ta rufe kunne. Sojan ya tambaya ko Mama ba ta da lafiya ne, direba ya ce asibiti za ta, aka ɗaga mana katako. Na ga abin da ta yi, na juya ina kallon gonaki.

Ƙarfe tara da minti goma muka tsaya a Kagarko. Na sayo mata ƙosai da kunu, ta ci uku ta ba ni sauran. Wani Bafulatani da ke kusa da ni ya yi ta waya da ɗansa kan wata saniya da ta ƙi kiwo, har yana cewa a kara wayar a bakinta ya ji numfashinta. Duk motar aka yi dariya, Saratu ma ta yi, sannan ta ce Allah ya kiyaye saniyar.

Talata da rana: Bwari

Ta Jere muka bi, muka sauka Bwari sha biyu saura. Rifkatu na jiranmu a tasha. Ta yi mana gwaten acca da yakuwa, irin wanda uwarta ta koya mata. Bayan mun ci ta ja ni bayan ɗaki, ta ce ta karɓo mana layi gobe ƙarfe goma, ta yi magana da uwarta har ta gaji.

“Baba, ba likita take jira ba. Kai take jira.”

Na ce zan je in ga inda jikoki suke ajiye zomaye.

Laraba: Asibiti

Mun isa tara da rabi. Saratu ta zauna a benci, ta ce ta zo raka mu ne. Mai ɗaukar hoton, wata mata mai tabarau, ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce na'urar babban mayen ƙarfe ce, sai iskar rediyo, dangin wadda ke kawo mana labarai kowace safiya. Ana aika ta cikin jiki, jiki ya amsa, na'ura ta zana abin da ta ji. Ba yanka, ba ƙuna, sai ƙara kamar injin niƙa. Abin da aka hana shi ne shiga da ƙarfe.

Saratu ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta juyo gare ni.

“Baban Rifkatu, kai ka ce tana ƙona ƙwaƙwalwa.”

Akwai mutum kusan goma a bencin. Na cire hula. Na ce mata ni na faɗa, kuma ban sani ba na faɗa, a kasuwa na tsinto. Na ce na daɗe da sanin kuskure ne, kunya ta hana ni gaya mata, ina kallo tana jan ƙafa zuwa rijiya. Na roƙe ta gafara.

Ta dube ni. Sai ta ce wa Rifkatu ta rubuta ranar yau a bango, shekara arba'in da shida ba ta taɓa jin wannan daga bakina ba, ko ranar da na sayar da akuyarta. Wata tsohuwa a ƙarshen benci ta ce ita nata mijin har ya mutu bai faɗa ba. Saratu ta fara kwance 'yan kunne.

Zoben aure ne ya ƙi fita, sai da aka sa sabulu. Ta ce ba za ta shiga ita kaɗai ba, wanda ya tsorata ta shi zai tsaya. Aka yi mini tambayoyi, aka karɓe bel, makullai da agogo, na shiga riƙe da wando da hannu ɗaya. Aka toshe mana kunnuwa, gadon ya ja ta ciki, ƙafafunta kawai nake gani. Na kama babban yatsan ƙafarta ta dama. Minti talatin da biyar injin yana bugawa, duk lokacin da ƙarar ta canza sai ta motsa yatsan, ni kuma in matsa. Da aka fito da ita ta ce injin niƙan garinmu ya fi wannan hayaniya.

Jumma'a: Kafanchan, sannan gida

Mun karɓi hoton ranar Alhamis, muka taso Jumma'a ƙarfe shida, muka shiga Kafanchan sha ɗaya da rabi. Likita ya ɗaga shi a haske, ya nuna mana inda ƙashin baya ya danne jijiya. Ya ce ƙafar dama za ta dawo da magani da motsa jiki. Ta hagu kuwa an makara, sai abin da Allah ya yi. Bai tambayi dalilin jinkirin ba, Saratu kuma ta ce masa aikin gona ne ya riƙe mu.

Ƙarfe huɗu mashin ya sauke mu a bakin hanya. Daga nan zuwa ƙofarmu ba nisa, amma mun yi kusan minti goma, tana dafe da kafaɗata, ƙafar hagu tana jan layi a ƙasa. Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa direbobi, da Rifkatu, da matar nan mai tabarau da ban tambayi sunanta ba.

Ku da za ku karanta, musamman dattawa irina da ake jin maganarku: abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kuma kun riga kun faɗa, ku je ku warware tun yau, tun mai jin maganarku yana tafiya da ƙafafunsa biyu.