Gajeriyar Alkamar Tadros

A shekarar 1972 na fara sanin Tadros Fanus, wani gajeren manomi, lokacin da aka turo ni koyarwa ƙauyensu a bakin kogin Nilu. 'Ya'yansa tara ne, Mina ne babba, gonarsa kuwa eka ɗaya da rabi, yadda kakansa ya bar ta. Yakan ce gonar ce kaɗai ba ta haihuwa a gidansa.

Da malamin gona ya kawo sabon irin alkama, Tadros kaɗai ya karɓa. Ta tsiro, ta kai gwiwa, ta tsaya cak. Maƙwabcinsa Alhaji Mawgud ya leƙo daga cikin tasa mai kaiwa ƙirji.

"Baban Mina, ita ma tsawonka ta gado?"

"Bar ta, Alhaji. Mu gajeru a kai muke ajiye nauyinmu."

Ran sussuka aka auna buhu goma sha takwas, inda a da goma ake samu da ƙyar. Tadros ya cilla rawaninsa sama, ya sumbaci jakinsa a goshi, ya zagaya ƙauye yana gayyatar mutane cin gurasar da ba a ko niƙa garinta ba. Matarsa Damyana ta bari ya gama rawa tsaf.

"To maigida, ɓaunar fa, gurasa za ta ci?"

Ɓaunar gidan, irin wadda ake kiwo a can kamar saniya, ita ke ba yaran madara da cuku, abincinta kuwa karan alkama ne, kuma gajeriyar alkama gajeren kara gare ta. Kafin ciyawar hunturu ta fito, karan ya ƙare. Haƙarƙarin dabbar ya fito, madara ta ja baya, Tadros ya fara tambayar farashin ɓauna a kasuwar Talata.

Sai ga raƙumin Alhaji a ƙofar gida, an labta masa kara har ba a ganin tozonsa.

"Ka gaya wa ɓaunarka wannan na tsohon yayi ne," in ji Alhaji, "ta yi haƙuri da shi."

Alhaji ya sha rantsewa ba zai taɓa shuka alkamar wadanni ba, ga shi shi ma bakuna goma sha ɗaya yake ciyarwa. Da lokacin shuka ya zo, ya tarar da buhun irin gajeriyar alkamar jingine a bayan rumbunsa. Ya san aikin Tadros ne. A bayan dabinai ya shuka shi, inda ba a hangowa daga hanya.