Makullan Baba Walwala Sun Yi Shiru

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran jami'in walwalar ma'aikata na wannan kwaleji, wanda babba da yaro ke kira Baba Walwala. Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan shafi na mujallar ma'aikata an saba cewa mamaci mutumin kowa ne, ba ya faɗa, ba ya fushi. Duk wannan gaskiya ne a kanka, Baba. Amma akwai abin da ba a saba rubutawa ba: mun ƙaunace ka, kuma muna tsoronka.

A takarda aikinka mai daɗi ne. Kai ke liƙa labarin haihuwa da ɗaurin aure da ƙarin girma a allon sanarwa. Kai ke fito da kujeru da lasifika in za a yi taro, kai ke lallaɓa direban motar ma'aikata in ya tashi da fushi, kai ne ka san wanda matarsa ke asibiti da wanda rufin gidansa ya yaye. Sai dai akwai wani aikin da ba a rubuta shi ko'ina ba, ba kuma wanda ya san yadda ya fara. In aka yi rasuwa ko haɗari a gidan ma'aikaci yana bakin aiki, dangi ba sa kiran mutumin. Ofishinka suke kira. Kai za ka tashi ka je ka same shi, a aji yake ko a ɗakin gwaji ko a bakin get. Ka ɗauki shekara da shekaru kana yi, har ta kai in aka hango ka daga nesa, kowa sai ya fara lissafa tsofaffin gidansu a zuci.

Ka lura da haka, kuma na san ya dame ka. Mutum mai son hira irinka, ya shigo ofis a yi tsit. Sai ka samo dabara. Kana da tarin makullai, na sito da na zauren taro da na wasu ƙofofin da an daɗe da rushe su, duk a zobe guda mai igiyar ja. In da alheri ka taho, ko da aikin yau da kullum, sai ka rataya zoben a yatsa kana kaɗawa, a ji ka tun daga ƙasan bene. In da ɗaya labarin ka taho, sai ka dunƙule su a tafin hannu. Ba ka taɓa yin sanarwa a kan wannan ba, amma ba darasin da aka haddace a kwalejin nan kamarsa. Na sha ganin malami ya tsaya a tsakiyar jimla, alli a hannu, ya karkata kunne. In ya ji ƙarar ƙarfe sai ya ci gaba da magana, ɗalibai su ɗauka tunani mai zurfi ya tsaya yi.

Sau ɗaya ka yi kuskure, kuma har yau ana ba da labarin. Ka bar makullan wajen direba, ka shigo ɗakin malamai na sashenmu hannu a aljihu. Ɗakin ya mutu. Wata abokiyar aikinmu har ta fara laluben mayafinta. Malamin lissafi ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya ce, "Baba, tsohuwa ce ko?"

Ka dubi hannunka, ka dube mu. "Ku gafarce ni, makullan na wajen direba. Tambaya na zo yi, wa ke son kujera a motar ɗaurin auren Asabar?"

"Baba, don girman Allah, gobe in ka manta su, ka taho kana tari."

Aka yi dariya sosai. Amma ban ga wanda ya ƙarasa shayinsa ba.

Ni ma ka taɓa zuwa domina, ina sabuwar malama, ranar da mahaifina ya rasu. Ina cikin aji na ga inuwarka a bakin ƙofa, ban ji ƙarar komai ba. Ba ka shigo ba, ba ka ɗaga hannu ba, ka tsaya har na fito da kaina. Kafin nan ka riga ka kira abokiyar ofishina, ka sa an juya mota ta fuskanci get, ka ajiye ruwa a kan tebur. Ka ce in zauna. Sai da na zauna ka faɗa mini, kai tsaye, da kalmomin da ba su da wata fassara. Bayan wani lokaci na tambaye ka me ya sa ba ka ce mini jiki ne ya tsananta ba, kamar yadda kowa ke yi.

Ka ce, "Malama, wanda aka ce wa jiki ya tsananta, duk hanya addu'ar samun sauƙi zai yi. In ya isa ya ga takalma sun cika ƙofar gida, sai mutuwar ta dawo masa sabuwa, kuma daga ranar ba ya ƙara yarda da maganar kowa."

A ranar ne kuma ka gaya mini dalilin da ba ka sauri, komai nisan ofishin da za ka. Ka ce in ka yi gudu, duk wanda ka wuce ya ji labari kafin mai labarin.

Da aka buɗe guruf na ma'aikata a waya, aikinka ya samu abokin gaba. Akwai wani malami a cikinmu da muke kira Malam Da-Ɗumi-Ɗumi, mutumin kirki, sai dai bai iya kwana da labari ba, bai ma iya wuni da shi. Wata akawu ta karanta rasuwar ƙaninta a guruf ɗin, tsakanin tallan firji da jadawalin jarrabawa, tana kan matattakala. Ta faɗi, ta karye a hannu. Tun daga ranar aka yi doka: ba mai rubuta rasuwa sai Baba ya rubuta. Ba majalisar kwaleji ce ta kafa dokar ba, shi ya sa ta yi aiki. Kunyarka kawai ke riƙe da ita.

Tun bara mahaifiyata ke kwance. Likitoci sun kai matakin da suke yawan yi mana murmushi. Tun lokacin kunnena ya koma kan makullanka, har na canza hanyar zuwa aji don kada mu haɗu. Ba abin da ke wuce ka. Wata rana ka tare ni, zoben yana yawo a yatsanka.

"Malama, na ga kin koma bin bayan ɗakin gwaji. Hanyar can ai ba inuwa."

"Motsa jiki nake yi, Baba."

"To, madalla. Allah Ya ba tsohuwa lafiya. In kuma ranar ta zo, ba za ki ji a waya ba. Wannan na ɗaukar miki alkawari."

Ban gode maka yadda ya kamata ba, don na tsorata da jin an ambaci ranar. Amma da wannan alkawarin na riƙa shiga aji in kashe wayata.

Ranar Laraba ana liyafar bankwana da waɗanda suka yi ritaya. Kai ka shirya komai, kamar kullum. Lasifika ta fara kuka ana tsakiyar jawabi, ka hau dandamali ka sunkuya za ka gyara waya, sai ka yanke jiki ka faɗi. Makullan suka zame a kan siminti har gaban kujerata. Na ɗauka don in ajiye maka. Aka kwashe ka zuwa asibitin kwaleji, muka bi, muka yi cirko-cirko a baranda. Ba a jima ba nas ta fito, ta tsaya tana cire safar hannunta a hankali.

Shugaban Kwaleji ya jingina da bango. Magatakarda, wanda bai taɓa rasa matakin da za a ɗauka ba, ya gyara murya ya ce, "A kira Baba Walwala ya je ya gaya wa iyalinsa."

Ba wanda ya gyara masa. Na ga ma masinja ya juya zai tafi, kafin ya tsaya. A wannan ɗan shirun ne muka san abin da muka rasa. Sai idon Magatakarda ya sauka a hannuna, idon kowa ya bi nasa.

Matarka, wadda muke kira Anti Laburare, tana teburin ba da aron littattafai. Ba ta zo liyafar ba saboda lokacin jarrabawa ne, ɗakin karatu ya cika. Wayarta kullum tana cikin aljihun tebur, bisa dokar da ita da kanta ta kafa. Wannan aljihun tebur kaɗai ya rage tsakaninta da labarin. Na waiwaya na ga Malam Da-Ɗumi-Ɗumi, babban yatsansa a kan waya.

"Malam, ka ba ni lokaci in isa."

"Wallahi addu'a kawai nake rubutawa, Malama."

"Ka yi ta da baki, ta fi saurin isa."

Ya mayar da wayar aljihu. Amma zauren taro guda ne ya ga faɗuwarka, kuma wanda ake jin kunya ba ya nan. Na ce wa direba ya juya mota ta fuskanci get, na yafito abokiyar ofishina, na kama hanya. Ban kai ƙarshen barandar farko ba na ji wayata ta yi motsi a jaka. Sai na fara jin sauran, ofis bayan ofis, wannan ƙaramar ƙarar ta shigowar saƙo, tana tafiya tare da ni, wani lokaci tana gabana. Ƙafafuna suka nemi su yi gudu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba, Baba, ko ranar mahaifina, don ranar kai ne ka ɗauki nauyin. Na taka a hankali kamar yadda ka ce. Na dunƙule makullan har haƙoransu suka shiga tafin hannuna.

A bakin ɗakin karatu na tarar da ƙaramar ma'aikaciyarta, waya a hannu, ido ya kawo ruwa, tana shirin shiga. Na girgiza mata kai, ta matsa gefe.

Anti tana manna bangon wani littafi da ya yage. Aljihun teburinta yana ta gurnani, ba ta kula ba. Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi.

"A'a, Malama, yau ke ce a wajenmu? Ko littafin nan namu da ya shekara a hannunki kika tuna da shi?"

Na matsa kusa da teburinta. Idonta ya sauka a hannuna, inda igiyar ja ta leƙo ta tsakanin yatsuna. Ashe ita ta kitsa igiyar. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ajiye littafin, ta rufe robar gam, ta jawo kujera da kanta.

"Na zauna. Faɗa mini."

Ƙaryar nan mai sauƙi tana bakina, cewa jiki ne, cewa mu je asibiti. Na haɗiye ta. Na ce, "Anti, Allah Ya yi wa Baba rasuwa."

Ta yi salati a hankali, don kada ta dami masu karatu. Sai ta ce, "Ya samu ya ci wani abu a wajen taron kuwa? Da safe bai tsaya ya karya ba."

Na ce ban sani ba. Na manta da ruwa, abokiyar ofishina ce ta tuna. Har muka fita da ita aljihun teburin yana gurnani, ba ta buɗe shi ba.

Washegari na kai wa Magatakarda makullan. Ya ce in riƙe tukuna, za a kafa kwamiti a nemo wanda zai maye gurbinka. Duk wanda ya san kwamitocinmu ya san abin da wannan ke nufi. Da na shiga ɗakin malamai a makon nan, malamin lissafi ya ajiye kofinsa yana kallon hannuna. Yanzu ni ma kaɗa su nake yi tun daga ƙasan bene. Ban iya ba tukuna, nawa kiɗan bai kai naka sakin jiki ba.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne alkawarin nan. Mahaifiyata tana nan kwance, wanda ya yi alkawarin kuma ya riga ta. Na koma barin wayata a kunne cikin aji, ina jin tsoron ta yi ƙara, ina jin tsoron in duba. Ban gaya wa kowa ba. Da na je gaisuwa gidanka, na durƙusa gaban Anti zan tashi, sai ta riƙe mini hannu.

"Ya gaya mini abin da ya ɗaukar miki. Ki ba ƙannenki lambata. In ranar ta zo, ni zan zo."

"Anti, ki ji da abin da ke gabanki."

"Ke kika zo mini da ƙafarki. Ki kashe wayarki ki koyar da yaran mutane."

Na ba su lambar. Na koma kashe wayar. Na san in ta dawo aiki zan fara kauce wa hanyar ɗakin karatu, kuma na san za ta lura. Littafin nasu ma har yanzu yana hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Baba Walwala. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Yadda ka tausaya wa bayinSa a ranakun da suka fi kowace rana nauyi, Allah Ya tausaya maka, Ya sa labarin da aka tare ka da shi a can na alheri ne. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan'uwanka, da dukan ma'aikatan wannan kwaleji da ka taɓa zaunarwa kafin ka yi magana. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Mu da muka rage muna sauraron takun da ke zuwa, Allah Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, Ya kuma ba waɗanda za mu bari mai gaya musu a hankali. Amin.