Lambar da ban turo maka ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina zaune a shagon kawuna sai Dogo, ɗaya daga cikin abokan aikinmu, ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Mai Jan Biro ya rasu yau da safe a asibiti." Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na daɗe riƙe da wayar a kunne bayan ya kashe. Yaya Mai Jan Biro, ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya tunda kai ka koya mini faɗinta: kafin hawaye su zo mini, kunya ce ta riga su.

Ga wanda bai san shi ba, Mai Jan Biro mutum ne da ya fara sana'a da rubuta allunan shaguna da fenti da buroshi, ya koma buga takardu, sannan da furfura a gemunsa ya zauna ya koyi tsara shafukan intanet. Mu shida ne muke haɗuwa kowace Asabar da hantsi a ɗakin bayan shagonsa, tsakanin damman takardu da warin tawada. Aikinmu ɗaya, muna yi wa masu ƙananan sana'o'i shafi guda na talla, wanda mai saye zai buɗe a waya ya ga abin da ake sayarwa ya kira. Kowa yakan kawo abin da ya tsara, sauran su duba masa. Sunan ya samo asali ne daga jan biron da ke maƙale a aljihunsa, wanda babu shafin da ya taɓa wucewa bai sha shi ba. Amma a gabansa Yaya muke ce masa.

Yaya, dokokin ɗakin nan biyu ne, kuma duka naka ne. Ta farko, mai shafi ba ya buɗe baki sai kowa ya gama faɗin nasa. Ta biyu, ba a duba shafi a kwamfuta. Akwai wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska da kake ajiyewa a aljihun tebur, ka sa mata suna Alƙali. A kanta ake buɗe shafi, a miƙa wa mutum, ka ƙirga biyar, ka karɓe, ka tambaye shi me ake sayarwa kuma ta yaya zai samu mai shagon. In ya yi inda-inda, shafi ya faɗi. Kakan ce mai sayen kaya ba da irin wayoyinmu yake yawo ba, kuma ba shi da lokacin yaba mana fasaha.

Ranar da na fara shigowa ɗakin nan ko kwamfuta ba ni da ita. Ka ba ni taka ta biyu, wadda sai an danne wayar cajinta da littafi take kamawa, ka ce in tafi da ita har Allah Ya hore. Shafina na farko na wata mai wankin labule ne, ka buga shi a takarda ka cika shi da jan biro har farin takardar ya ɓace, sannan da matar ta zo karɓa ka ce mata, "Ƙanena ne ya yi, ni ban sa hannu ba." Na ga ka yi wa mai gyaran keke shafi kyauta, ka kuma taka har wurinsa ka nuna masa yadda zai amsa saƙo. Ba ka iya yabo ba, wannan kowa ya sani. In ka ce "ba laifi", ranar mutum sai ya yini yana murmushi shi kaɗai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata huɗu da suka wuce kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ce in yi wa shagonsa na gilashin ido shafi. Ciniki ya ja baya, wani babban shago ya buɗe a bakin titinsu, shi kuma yana cikin lungu. Na zuba duk abin da na iya. Na yi farin bango fes, na sa haruffa sirara masu launin toka, irin na manyan kamfanoni. Hoton gilashi yana juyawa a hankali, lambar waya kuma tana can ƙasa, ƙarama, don kada ta ɓata kyan shafin. Na shigo ranar Asabar ina jin kaina, har da sabuwar riga.

Sauran sun yaba. Da Alƙali ta iso hannunka, ka kai ta kusa da fuskarka har ta kusa taɓa hancinka, ka janye ta nesa, ka sake matso da ita. Ka wuce biyar ɗin da kake ƙirga wa kowa. Sannan ka ce, "Ƙanena, wa yake neman shagon gilashi?"

Na yi shiru, don doka.

Ka ce, "Wanda ba ya gani sosai ne. To me ka rubuta masa a nan? Ni ban ga lamba ba."

A nan na karya dokar da ba wanda ya taɓa karyawa. Na ce, "Yaya, laifin shafi ne ko laifin ido? Zamani ya wuce allon fenti fa. In tsufa ya zo, sai a bar wa masu gani su duba." Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Ka mayar da biron aljihu ba tare da ka ja ko layi ɗaya ba, ka rufe Alƙali a tebur, ka ce a kawo shafi na gaba.

Da yammacin ranar ka turo mini saƙon murya, daƙiƙa arba'in da bakwai. Na gan shi, na ce wa'azi ne, na bar shi. Asabar ta zagayo ban je ba, ta sake zagayowa na ce aiki ya yi yawa. Na ɗora shafin yadda yake. Kawu yakan tsokane ni ya ce, "Ɗana, shafin nan naka kamar amarya don kyau, amma ko kiran kuskure bai kawo mini ba." Ni kuma in ɗora wa kasuwa laifi. A raina na fara gane inda matsalar take, amma gyara ta na nufin ka yi gaskiya, kuma girman kaina bai yarda ba. Da Dogo ya ce mini ciwon suga ya kwantar da kai, na ce zan leƙo in an sallame ka. An sallame ka, an sake mayar da kai, ni ina nan ina shirya kalmomin ban haƙuri da ba su taɓa fita daga bakina ba.

Kwana uku bayan rasuwarka na je gaisuwa gidanka. Matarka, wadda duk muke kira Anti, ta gane ni tun daga bakin ƙofa. Ba ta nuna mini komai a fuska ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta shiga ɗaki ta fito da leda, ta ce, "Ya ce in ka zo a ba ka." Alƙali ce a ciki, da jan biron, da wata takardar likita a ninke, ta awon gilashin ido. Ta ce, "Na yi ta fama da shi ya saya ko'ina ne, shaguna sun yi yawa. Ya ce a'a, shagon kawun ƙanensa zai je, kuma kai za ka kai shi. Hoton jikarsa da aka turo, sai da ya manna wayar a ido, kuma duk da haka ni na faɗa masa kamanninta."

A bakin titin gidanka na tsaya na buɗe saƙon. Muryarka ce, a natse, har da ɗan tarin nan naka. Ka ce, "Ƙanena, maganar ɗazu ta wuce, kar ka sa a ranka. Abin da ban faɗa a gaban yara ba shi ne, idon nan da gaske ya fara tafiya, ko Antinka ban gaya wa ba tukuna. Ni kaina shagon nake so in kira, shi ya sa na daɗe ina neman lambar. Turo mini ita, ko ka zo ka raka ni, mu yi wa kawu ciniki. Shafin kuma hoton ya yi, ba laifi. Ka dai ƙara wa rubutun girma."

Na san gilashi ba ya hana ajali, kuma kwananka ya ƙare ne a ranar da Allah Ya rubuta. Amma watanninka huɗu na ƙarshe ka yi su cikin dishi-dishi, kana jiran lamba guda daga hannun wanda ka ba kwamfuta. Mai sayen da na yi shafin dominsa ya zauna a gabana, ya ce bai gani ba, na yi masa ba'a a gaban mutane. Wannan ba zan iya ɗora wa kowa ba.

Washegari na gyara shafin. Rubutu baƙi ƙirin, manya, lambar a can sama ita ce farkon abin da ido zai faɗa wa. Aikin bai kai minti ashirin ba. Na buɗe shi a kan Alƙali, na miƙa wa kawu ba tare da gilashinsa ba, kafin in kai uku ya karanto lambar. A makon nan wata dattijuwa ta kira shago, ta ce ita da kanta ta karanta, ba ta nemi kowa ya duba mata ba. Kawu ya yi murna, ni kuma na fita waje don kada ya ga fuskata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da 'ya'yanka da jikarka, da 'yan'uwanka, da abokan ɗakin Asabar waɗanda su ma ina neman afuwarsu. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya tsaya muku a inda marigayin yake tsaya muku. Ya Allah, Ka gafarta wa bawan nan naKa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinsa Ka cika shi da haske. Ka saka masa da alheri a kan kowane ɗan shago da ya samu abinci ta hannunsa. Ka sa ya buɗe ido a Aljanna ya ga komai tangaran, ba sai ya matso da shi kusa ba. Ni kuma Ka yafe mini, domin shi ya riga ya yafe tun yammacin ranar, ni ne ban saurara ba.