Kunnen Dama

Shekara goma sha ɗaya na yi a kujerar dama. A gaban jirgi kujeru biyu ne: kyaftin a hagu, mataimakinsa a dama. Muna da wata ɗabi'a da ba a koyar da ita a makaranta. Idan jirgi ya daidaita a sama, kowa sai ya zame abin sauraronsa daga kunne ɗaya, wanda ke fuskantar abokin aiki, don mu ji juna kai tsaye, ɗaya kunnen kuma a bar wa rediyo. Ni na hagu nake buɗewa. Na dama yana can ɓangaren taga, in rediyo ya yi ƙasa in ƙara masa murya. Shi ya sa da kunnen nan ya fara mutuwa, babu wanda ya sani sai ni.

Gwajin lafiya kuwa na san hanyarsa. Ana shigar da kai wani ɗan ɗaki mai gilashi, a ba ka maɓalli, ka danna duk lokacin da ka ji ƙara. Ma'aikaciyar da ke gwada mu kafaɗarta takan ɗan motsa idan ta saki sautin. Kafaɗar nake kallo. Shekara uku ina cin gwaji da ido, ina fitowa ina yi wa kaina kirarin wayo.

Sai aka ƙara mini girma. Igiya huɗu a kafaɗa, kujerar hagu, abin da na yi ta azumi da addu'a a kai. Ranar farko na zame abin sauraron daga kunnen dama, mataimakina ya yi magana, na ga bakinsa yana motsi, na ji kamar mutum yana magana a cikin randa.

Hankali ya ce in mayar da abin kunnena in saurare shi ta waya. Girman kai ya ce za a tambaye ni dalili. Na bi girman kai. Akwai jerin abubuwan da muke dubawa kafin tashi da kafin sauka, ɗaya yana karantawa ɗaya yana amsawa, kuma na haddace shi tun ina saurayi. Sai na koma amsawa da ka. Baki ya motsa, in ba da amsar da ta dace da wurin.

Wata rana muna gangarowa Abuja cikin ruwan sama, mataimakiyata wata mace mai sanyin murya ta ce wani abu, na ce an duba. Ta sake, na sake cewa an duba. Sai na ji ta damƙi hannuna tana nuna agogon da ke gaya mana tsayinmu daga ƙasa. Ban saita shi ba. Na gyara, muka sauka lafiya, fasinjoji suka fita suna ta waya. Da muka rage mu biyu ta ce, "Kyaftin, sau uku na faɗa." Ni biyu na lura da su. Na daka mata tsawa, na ce ta koyi buɗe baki. Har yau ina jin kunyar wannan tsawar.

Na ɗauki hutu na tafi gida Zonkwa. Washegari na shiga mota zuwa Kafanchan wurin wani likita da ba shi da alaƙa da harkar jirage, don abin da ya gani kada ya shiga fayil ɗina. Ya leƙa, ya gwada, wannan karon da bayana a gare shi.

"Oga, jijiya ce. Ba ta dawowa."

Na ce ya wanke kunnen. Ya ce ba datti. Na ce allura fa, ko aiki, ko a ƙasar waje ne zan je. Ya girgiza kai. Ya ce in gaya wa likitocin wurin aikinmu, wataƙila su bar ni da sharaɗi, wataƙila su sauke ni. Bai san cewa ba kunnen kaɗai za su tambaya ba, za su tambayi shekaru ukun. Na fito na zauna kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ban iya komai ba sai tuƙin jirgi. Ko kunyar citta ɗaya a gona ban iya yi daidai ba. A makon nan babu abin da ban ɗiga a kunnen ba, har man shanun da wata Bafulatana ƙawar Mama ta kawo, na ce wa mutanen gida ƙaiƙayi yake.

Mama kuwa ta riga ta shirya godiyar ƙarin girmana a coci. Ranar Lahadi ta sa na saka kakin aiki, zumuntar mata suka rako mu gaba da ganga da rawa, fasto ya ɗora mini hannu ya ce Allah ya ɗaga ɗan ƙasarmu sama da gajimare. Na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

Da yamma, bayan baƙi sun watse, Baba ya kira ni gindin mangwaro. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma bai taɓa shiga jirgin sama ba. Na zauna ta yadda zai kasance a haguna.

"Ɗana, ka san me ya sa na ƙi wannan abu naku duk shekarun nan? Ban san direba ba. Yanzu kai ne oga. Ni da mamanka mun shirya. Wata mai zuwa ka ɗauke mu, ko Legas ne, mu gani kafin mu mutu."

Na buɗe baki in ce to. Sai na hango su a kujerun baya, Mama ta rungume jakarta tana addu'a, ruwa yana dukan gilashi, wani yana gaya mini abu a dama ina cewa an duba.

"Baba, ku bari tukuna."

"Tukuna na mene? Ba kai ne kana tuƙawa ba?"

"Ni ne."

"To, iyayen wasu fa? Su kana ɗauka?"

Da wasa ya faɗa, har yana dariya. Ni na kasa. Ya dube ni, dariyar ta tsaya. Na cire hular aikin na ajiye a kan benci, na ce masa ya kira Mama, akwai maganar da zan gaya musu kafin in kira ofis da safe.