Balbelun Baba

Baba ya fi shekara talatin yana sayar da goro a kasuwar Adjamé, amma zuciyarsa tana Nijar. Duk watan Nuwamba, da ruwa ya fara ɗaukewa, sai mu hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa gonakin bayan gari ya kalli balbelun da ke saukowa daga arewa. Baƙinsa ne daga gida, in ji shi.

A shekarar da nake magana yanar ido ta rufe masa gani. Ni ina aikin akawu a Treichville, na samo likitan da zai yi masa aiki, wanda ya ce in aka ƙara jinkiri idon ya tafi ke nan. Baba ya ƙi. Taurin kai kuwa a wurinsa na gada, har muka yi mako ba mai ce wa wani uffan bayan gaisuwa.

Shi ya kawo sharaɗi. "Mu je gona. In na nuna maka balbela da hannuna, ka rabu da ni da lopital, asibitin nan naka."

Muka tsaya bakin wata gonar shinkafa da hantsi. Tsoro nake ji. Ina ganin ƙananan tsuntsaye suna tsalle cikin ciyawa, shirwa tana shawagi, balbela kuwa ko ɗaya. Addu'a nake kada su zo, don farin abu ne kaɗai idonsa ke kamawa.

Can ya miƙa sandarsa. "Ga su can! Sai ka ce me, musen lakkol, ɗan boko?"

Fararen tsummoki ne mai gona ya ɗaura a kan sanduna don korar tsuntsaye. Wa zai ƙaryata ubansa yana cikin murna haka?

"Mu matsa kusa, Baba," na ce.

"Za su tashi."

"Mu dai matsa."

Na riƙe hannunsa muka bi kunyar gonar a hankali. Yana ta raɗa, wai bana ba su da tsoro. Har muka isa ba abin da ya tashi. Ya kai hannu ya shafa tsumman, ya daɗe yana murza shi.

Muna nan tsaye garken balbelu na gaske ya wuce ta kanmu. Ya ji fukafukansu, bai ɗaga kai ba.

"Suna da yawa?"

"Da yawa, Baba."

"To, gaya wa dokotoron naka ya hanzarta, kafin su koma gida."