Malam Jatau Rewaya, Wanda Ya Bi Bala Har Gidan Tambaya

Kafin masu shagunan Tudun Wada su gama share ƙofa, Malam Jatau ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin dogon yaro, ya jera mitar gwada wuta da ƙarfen nane waya da tsohon buroshin haƙori, ya zauna yana shan kunu. Duk Gusau ana ce masa Rewaya, domin gyaran wayoyin wutar mashin ya fara da shi tun zamanin da fitila da hon ne kaɗai abin damuwar ɗan kabu-kabu. Da aka shigo da na'urar GPS, wadda ake ɗaurawa a kan mashin tana nuna hanya kuma tana shaida wa ofis inda mutum ya bi, sai tsararrakinsa suka ce wannan aikin yara ne. Shi kuwa ya sayi tabarau ya buɗe cikinta.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya canja shi don gaggawar kowa. Idan aka kawo masa na'urar da ta ƙi caji, ba ya fara taɓa ta. Fiyus yake fara dubawa, sannan kan batirin mashin ko ya yi farin tsatsa, sannan ya bi waya da yatsa har soket. Sai duk waɗannan sun wanke kansu yake ɗauko buroshi ya goge bakin cajin, inda laka da ruwan damina ke maƙalewa. Mutane da yawa sun zo da niyyar sayen sabuwa, sun koma gida da tsohuwarsu tana aiki, suna ɗan jin haushin cewa matsalar ba ta kai yadda suka ba da labari ba.

Mahadi, wani mai awon gonaki daga Tsafe, har yau yana ba da nasa labarin. Sikirin ɗinsa kan yi baƙi ƙirin da zarar rana ta take, ya dawo da la'asar kamar ba abin da ya faru, har ya fara zargin wata gona da ake rikici a kanta. Malam Jatau ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masa ba aljani ba ne, zafi ne. Mahadi ya naɗe na'urar da leda tun ranar da aka ba shi don kada ta tsufa, ga rana ga leda, dole ta suma. Aka yage ledar, aka yanka mata 'yar rumfa da tsohuwar roba, magana ta ƙare.

Amma abin da ya sa ake wannan jinjina a yau, da Malam Jatau ke shirin naɗe buhunsa ya koma gona a Mada saboda ido ya fara gajiya, shi ne abin da ya yi wa Bala.

Bala yana aiki da wata ƙungiya mai kai wa yara maganin rigakafin zazzaɓi a ƙauyukan bayan Bungudu da damina. Shugabarsu, Hajiya Zulai, mace ce mai adalci, amma abin da take gani a ofis ba ya da daɗin gani. Kullum alamar mashin ɗin Bala takan tafi lafiya har wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Tambaya, sai ta ɓace, ba ta sake fitowa sai da yamma, a daidai wurin da ta ɓace. Masu sauƙin baki suka ce yana kwanciya ne a inuwa yana shan fura. Masu mugun baki suka fara tambayar inda mutum ke kai magani a daji idan ya kashe na'urarsa. A wannan zamani irin wannan tambaya ba aiki kaɗai take ci ba, tana iya cin mutum da iyalinsa. Hajiya ta ce a kai wa Malam Jatau mashin ɗin. Idan na'ura ce ta lalace, Bala ya ci gaba da aiki. Idan lafiyarta lau, to sai ya ajiye makulli.

Malam Jatau ya bi tsarinsa. Fiyus lafiya, waya lafiya, soket yana ba da wuta. Da ya buɗe na'urar sai ya tarar ɗan batirin cikinta ya kumbura har ya ɗaga sikirin, ba ya riƙe caji ko na kiftawar ido. Wannan laifi ne, amma bai isa ya wanke Bala ba, domin muddin waya na jone kuma inji na aiki, na'urar ba ta da dalilin mutuwa. Ashe dai hannu ne ke cire ta. Ga bakin soket ɗin ma ya goge yana sheƙi, alamar ana yawan sa wa da cirewa. Ya tambayi Bala, Bala ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

Da wani ne, nan zai rufe na'ura ya aika wa Hajiya cewa hannu ne, kuma bai yi ƙarya ba. Malam Jatau ya daɗe yana kallon saurayin, ya ga tsoro, amma bai ga fuskar maƙaryaci ba. Sai ya ce, "Gobe ka biyo ka ɗauke ni. Ni ma ina son ganin wagga hanya."

Washegari ya bar buhunsa a naɗe, ya hau bayan Bala da akwatin magani a tsakaninsu, suka wuce Bungudu suka sauka daga kwalta. Da suka doshi Gidan Tambaya sai Bala ya ƙara wuta, yana son ya wuce kamar bai san kowa ba. Ina! Ga tsoho Tambaya, mai garin, tsaye a tsakiyar hanya da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da jakar leda cike da wayoyin salula.

"Bala, yau ka makara," in ji shi. "Ga su nan, dut sun mutu. Ta Kulu ka fara sa wa, ɗiyarta wata ya kama, ko yaushe ana iya neman mota."

Bala ya waiwayo ya kalli Malam Jatau kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Malam Jatau kuwa dariya ta ƙwace masa har tabarau ya zame. Garin ba wuta. Tun bara Bala ke karɓar wayoyinsu da safe, ya cire na'ura ya jona su da wata waya mai kawuna da yawa, su sha caji yana zagaya sauran ƙauyuka, da yamma ya mayar musu. Da can batirin na'urar kan riƙe ta har ya dawo, shi ya sa ba wanda ya lura. Da batirin ya mutu sai ta riƙa mutuwa tare da cire wayar, shi kuma bai sani ba, tun da hanyar a kansa take, ba ya kallon sikirin. Ya yi shiru ne don dokar aiki ta hana jona wani abu a soket, kuma ba shi da idon da zai ce wa dattijo a'a.

Malam Jatau bai ce su juya ba. Ya bi Bala ƙauye bayan ƙauye, cikin taɓo da ƙetaren rafi, ƙugunsa na ƙara. Ya ga uwaye na fitowa da yara suna kiran Bala da sunansa, ya ga yara na ɓuya a bayan rumbu saboda sun san ɗacin abin da ya kawo. Wanda ke kwanciya a inuwa yara ba sa gudunsa haka.

Da suka dawo, bai rage wa Hajiya Zulai komai ba, har da karya dokar. Ya ce, "Hajiya, laihi shina da shi, amma ba wanda anka ce ba. Na gani da idona, ba garin da bai shiga ba." Hajiya ta yi wa Bala faɗa sosai, ba don cajin ba, sai don shirun da ya kusa hallaka shi. Sannan ta tambayi Malam Jatau ko akwai yadda za a yi na'ura ta rayu, wayoyin Gidan Tambaya ma su rayu. Ya ce akwai. Ya sa sabon batir, ya daidaita sikirin, ya ja soket na biyu mai fiyus ɗinsa daban. Kafin damina ta fita, duk mashinan ƙungiyar sun bi layi a gindin dogon yaro an yi musu haka.

Malam Jatau, kai ne wanda aka kawo wa na'ura, ka tuna akwai mutum a bayanta. Kai ne ka rufe wurin sana'arka yini guda, da furfurarka, ka hau bayan mashin don kada a yanke wa ɗan wani hukunci da rabin gaskiya. Gwanin waya, mai haƙurin bin matsala har inda ta faro, mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa gonar Mada ta karɓe ka da albarka.

Ku kuma masu gyara da ke tasowa, da ku masu zama a ofis kuna kallon alama a sikirin, ku ɗauki wannan hali. Idan abin da na'ura ta nuna zai ci mutuncin wani, a tashi a je a gani tukuna. Bala yana nan yana aikinsa, yana shiga kasuwar Bungudu da kansa a sama, ba mai nuna shi da baki. Da aka gaya masa Malam zai bar gari, sai ya ce, "Ranar nan kowa na'ura yat tambaya. Baba Jatau kaɗai ya taho ya ga inda nike zuwa."