Jinin da Na Gani a Saiwar Waken Kaka

Duk sanda na bi ta titin Arawa na ji ƙamshin awara a kasko, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Na haura sittin, amma waken suya bai daina ba ni tsoro ba.

A Pantami na tashi, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta rufa gidaje da kwano. Bayan ɗakin Kaka akwai kunya shida na waken suya. Mijinta, kakanmu, direban babbar mota ne, shi ya zo da irin daga ƙasar Tibi ƙulle a hankici, bai kuma ga girbi na biyu ba. Tun rasuwarsa Kaka take adana irin a wani ƙaramin tulu. Duk shekara in ta cika shi, sai ta girgiza shi kusa da kunnenta ta ce, "Malam, ga wakenka ya dawo." Ko kaza ba ta isa ta ratsa wurin ba. Ni kaɗai ta yarda in cire ciyawa.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, ina cikin cira, na tumɓuke wake guda bisa kuskure. Saiwar duk ƙuraje ne, kamar ƙwayar dawa. Na matse ɗaya da farce, sai na ga cikinsa ja kamar jini. Na tona na kusa da shi, haka. Kwana uku ke nan ina zubar da ruwan wanke-wanke a wurin saboda ƙiwar zuwa kwata. Na tabbata ni na sa masa cuta, kuma waken mamaci ne yake jini a hannuna.

A zaure akwai buhun takin zamani da Baffana ya kawo, fari kamar sukari, kowa na cewa ba gonar da ba ya tayarwa. Na ɗebo cikin kwanon sha na dinga zubawa a gindin wake da hannu biyu. Kunya uku na yi, na ji tarin Kaka, na gudu.

Wasu suka ƙone. Sauran suka yi kore shar, suka miƙe har ƙirjina. Inna na ta yaba su. Ni kuwa in Kaka ta tsaya a wurin, sai in sulale ɗaki. Da girbi ya zo, kunyoyin nan uku suka kwanta a ƙasa, ganye tuli, 'ya'ya ƙalilan.

Kaka ta tumɓuke ɗaya daga kowane ɓangare ta kira ni. Saiwa ɗaya cike da ƙuraje, ɗayar, ta inda na sa taki, sumul.

"Ƙawata, wa ya ba wa waken nan taki?"

Na fashe da kuka, na faɗi komai, har da ruwan wanke-wanke da jinin.

"Jan nan ai shi ne lafiyarsa," in ji ta. "Gyaɗa ma tana da ƙurajen nan, shi ya sa gero ke kyau a inda ta tashi. Masu yi wa waken girki ne. Kin cika masa ciki, ya sallame su."

Ba ta dake ni ba, na kuwa so a ce ta daka. Da aka sussuke waken ta zuba a tulu, bai kai rabi ba. Ta girgiza shi kusa da kunnenta, ya yi ƙarar wofi. Na jira ta yi maganarta ta kullum, sai ta rufe tulun ta mayar ƙarƙashin gado.

'Yata da ta karanta aikin gona ta yi mini bayani: ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙurajen, suna ɗebo wa wake sinadarin naitirojin daga iska, shi kuma yana ciyar da su, in taki ya yi yawa sai ya daina. Kaka ba ta san sunansu ba, amma ta san aikinsu. Yau shagon cajin waya ne a inda kunyoyin suke, irin ma ya ɓace. Tulun yana ɗakina, ban taɓa iya girgiza shi ba.